Ranar da Ardis Ta Faɗi Gaskiya

Yayata Ardis Koskela ta shekara talatin da ɗaya tana sayar da koton kamun kifi a bakin hanyar da ta ratsa garinmu, can arewacin Minnesota, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya tak na ji ta faɗa wa ɗan gari gaskiyar tafkin da kifi yake ci. Kada ku ɗauka mutuniyar banza ce. In ka mance safar hannunka a kantinta, sai ta bi ka da ita har gida. Amma tambaye ta ina walai, kifin da kowa yake nema a wajenmu, yake yau, sai ta dube ka ido cikin ido ta shirga maka ƙarya, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ba ita kaɗai ba ce, haka garin yake. Tafkuna sun fi arba'in a kewaye da mu, kowa da nasa, kuma mutum ya gwammace ya faɗa maka ciwon da likita ya gano masa da ya faɗa maka inda ya kama kifin jiya. Limamin cocinmu ma da kansa yana yi. Ni dai tun ina yarinya abin yake ba ni haushi, manyan mutane da furfura suna wasan ɓuya a kan kifi, amma wa zai saurare ni? Ni mai dafa wa 'yan makaranta abinci ce, sai ranar da ake buɗe kakar kamun kifi nake zuwa in taya ta.

Babanmu ne ya buɗe kantin bayan ya bar aikin haƙar ƙarfe. Ardis tana da shekara goma sha shida ta ajiye karatu ta kama ɗaukar bokiti. Da asuba take fita duba tarkunan ƙananan kifi a rafuka, ta dawo da matsattsaku da tana, hannuwanta duk sun tsage. Ta yi aure sau ɗaya. Mijin ya tafi aikin jirgin ruwa ya zarce, ita kuma ta ce Allah ya raka taki gona ba za ta ce ba, don ko takin bai kai ba, mutumin da bai san bambancin matsattsaku da tana ba.

Tafkuna kuwa ta san su kamar ita ta haƙa su. Ni takan faɗa mini gaskiya, saboda ta san ban damu ba. Ta ce da zarar ƙanƙarar da take rufe tafkuna da hunturu ta narke, wawa ne kawai yake gudu zuwa babban tafki mai suna. A nemi ƙarami, marar zurfi, wanda ruwansa ya yi kalar ruwan bunu, don shi ne yake fara ɗumi, kuma walai ba ya son haske a idonsa. A nemi wanda rafi yake shigowa cikinsa ta kan tsakuwa, nan suke zuba ƙwai, nan kusa za a same su da yunwa. Sai kuma a bi gefen da iska take bugawa. Tafki mai zurfi mai ruwa garau a bar shi sai tsakiyar bazara. Takan tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu, sannan ta ce saura kwana huɗu, ko ta ce an makara. Duk wannan ilimin yana kanta, amma abin da take ba mutane shi ne akasinsa.

Wanda ya fi kowa iya karanta ƙaryarta shi ne Orrin Sather. Ƙato ne mai jar fuska, ya yi shekara talatin yana tuƙa manyan motocin ma'adinai har kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Dabararsa ɗaya ce: tafkin da Ardis ta kushe, can zai nufa. Kuma sau da yawa yana dacewa. In ta gane ya gano ta, sai ta juya ta kushe wanda da gaske ba shi da komai, ya je ya yini yana kallon ruwa. Shi kuma in ya cika akwatinsa da kifi, sai ya shigo da fuska a murtuke ya ce ko taɓawa ba a yi ba, ita kuma ta kama hannunsa ta sunsuna. Yana kiranta uwar maƙaryata, tana kiransa tsohon banza. Shekarar da ta karya ƙafa, shi ne ya yi ta kwashe mata dusar ƙanƙara a ƙofa kowace safiya har wata biyu. Da aka yi wa matarsa Lavonne aikin zuciya a watan Fabrairun shekarar da nake ba ku labari, Ardis ce ta riƙa kai musu miya. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗayan na gode ba.

Hunturun shekarar ya ƙi tafiya. Ranar buɗe kamun walai ta zo, Asabar ta biyu a watan Mayu, ƙananan tafkuna sun yi kwana goma da narkewa, amma wanda muke kira Babba kwana uku kacal da buɗewa, shi ma ta gefen kudu. Ardis ta dawo daga tarkunanta na rafin arewa da wata fuska da ban so ba. Ta ce ƙanƙarar tana nan a lungun arewa na Babba, faɗinta ya fi mil biyu, ta rabu da gaɓa tana lilo a kan ruwa, kuma rediyo ya ce kafin rana ta take iska za ta juyo daga arewa. In ta juyo, duk abin nan zai gangaro kudu, ya haɗa da duk jirgin da ya samu a hanya. Ruwan kuwa, wanda ya faɗa ciki minti kaɗan hannuwansa za su daina jin maganarsa.

Ta riƙa faɗa wa duk wanda ya shigo. Baƙi daga birni suka ji, suka gode. Wajen ƙarfe bakwai, kanti a cike, Orrin ya turo ƙofa da bokitinsa, ya tambayi uwar maƙaryata ina ne ba za a je ba yau.

"Kada ka je Babba," in ji ta. "Ƙanƙara tana nan a arewa, iska za ta juya. Da gaske nake, Orrin."

Ya juyo da kunnensa mai ji ya ce ta maimaita, ya kuma ƙyafta wa mutane ido. Ta maimaita. Ya ce a shekara talatin bai taɓa ganin ta iya shirya fuska kamar yau ba, ya kamata a ba ta lambar yabo. Aka yi dariya. Ta rantse da kabarin babanmu. Ya ce ai bara ma ta rantse da shi a kan Tafkin Niemi, kuma gaskiyarsa, ta rantse.

Sai ta yi abin da ya sa na ajiye ludayin da ke hannuna. Ta ce ya je Tafkin Hakala, bakin rafin gabas, ƙafa bakwai na zurfi, daidai inda itacen da ya faɗi yake, kifi na nan a jibge. Wannan wurin nata ne. Babanmu ne ya nuna mata, ko mijinta ba ta taɓa kaiwa ba. Ta faɗe shi da ƙarfi a gaban maza bakwai 'yan gari. Kun san me? Ko ɗaya a cikinsu bai je ba. Suka kalli juna suna murmushi, wai an kama ta tana son ta kora su kududdufi.

Ta ce ba za ta sayar masa da koto ba. Ya ce shi ke nan ta gama tabbatar masa, dama yana da sauran matsattsaku a mota. Ya ɗaga mata hula ya fita.

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Ta so ta bi shi nan take, ni na hana. Na ce ba yaro ba ne, yana da idanu, in ya isa ya ga yadda ruwan yake zai juyo. Na ce yau ce ranar da ta fi kowace rana a shekara, ga mutane har waje, ba za ta watsar da su don wani kurman tsoho mai taurin kai ba. Ta saurare ni. Ta ci gaba da ɗibar kifi tana zubawa a bokitai, amma kowane minti biyu sai ta leƙa tutar da ke gaban gidan waya. Tun safe tutar tana nuna arewa. Ƙarfe tara da rabi ta faɗi ta lafe a jikin sandarta. Can sai ta ɗaga, ta miƙe tana nuna kudu.

"Irja, kulle ƙofa," ta ce mini.

Akwai mutum huɗu a layi. Ta ce su ɗebi abin da suke so su ja ƙofar, ta fasa kullewar. Jirgin ruwanta dama yana ɗaure a bayan a-kori-kurarta duk kakar kamu. Mil goma sha huɗu ne zuwa mashigar Babba, hanyar tsakuwa.

Motar Orrin kaɗai muka tarar, da amalanken jirginsa babu komai a kai. Wani tsoho mai ɗan gida a bakin ruwan ya fito ya ce sauran duk sun gudo, amma mai jar fuskar yana bayan tsibiri tun ɗazu. Ardis ta ce ya buga wa 'yan sandan gunduma waya. Ya ce ya buga, sun ce jirginsu yana wani tafkin, sai nan da awa ɗaya.

Tsibirin yana da nisan mil guda daga inda muke, dogo ne, cike da itatuwa. Orrin ya jefa anga ta gefen kudunsa, inda iska ba ta kaiwa, muna hango shi kamar ɗigon baƙi. Ta bayan tsibirin kuwa, daga wannan gaɓa zuwa waccan, wani farin layi ne yake tahowa. Tsibirin zai raba shi biyu, ɓangarorin su zagayo ta dama da hagu su haɗe a gabansa, tsakaninsa da mu. Shi ba ya gani, itatuwa sun tare masa. Ƙarar kuma, kamar ana ta zubar da tulin faranti a ƙasa ba ƙaƙƙautawa, mu muna ji har cikin haƙora, shi ba zai ji ba.

Ta danna ham ɗin mota har sau goma. Ko motsi bai yi ba. Ta ja da baya ta sauke jirgi, ta ce in tsaya a nan. Na ce in na tsaya wa zai kwashe mata ruwa? Ban iya iyo ba, kuma tsoro nake ji, amma ni na hana ta tafiya da wuri. Na sa rigar hana nutsewa na shiga.

Da muka bar gaɓa iska ta mare mu, ruwa yana fallatsowa kamar allurai. Gutsattsarin ƙanƙara sun riga sun fara isowa, suna bugun cikin jirgin ƙwas-ƙwas. Ina kwasar ruwa da gwangwani ina kallon hannun gabas na farin layin, ya riga ya wuce ƙarshen tsibirin ya fara lanƙwasowa. Muna shiga inuwar tsibirin sai komai ya lafa. Ruwa lumui, har da ɗan hasken rana. Wallahi in ni ce a zaune a wurin tun safe, ni ma ba zan yarda ba.

Orrin ya gan mu ya fashe da dariya. Ya jawo igiya daga ruwa ya ɗaga mana, walai biyar manya-manya suna ta bal-bal. Abin takaicin ke nan, kifin yana ci. Ya ce lallai wurin nan ya kai wuri, tunda uwar maƙaryata ta rufe kanti ranar buɗe kamu don ta kore shi. Ardis ta matsa da jirgi har ya gogi nasa, ta yi masa ihu a kunne cewa ƙanƙara ta zagayo, minti goma ya rage hanya ta rufe. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga komai ba sai itatuwa da ruwa. Ya ce saura ɗaya ya cika shidan da doka ta yarda, in ya cika zai bar mata wurinta. Ni ma na buɗe baki na zazzage shi, na kira shi duk sunan da ya zo mini. Ya ce yau har da ƙanwa aka ɗauko haya.

Ardis ta miƙe tsaye ta dubi gabas. Na bi idonta. Buɗaɗɗen ruwan da muka biyo ya rage kamar faɗin titi. Ta dubi Orrin, ya mayar da ƙugiyarsa ruwa yana fito. Na ga fuskarta ta canja, ta zauna, ta kama gefen jirginsa da hannu biyu.

"Orrin, ba don ƙanƙara na zo ba. Ban san yadda zan faɗa maka ba ne. Lavonne ta faɗi a kicin. An tafi da ita asibiti."

Fiton ya tsaya.

"Tana magana?"

"A'a. Ban sani ba ko za ka same ta da rai."

Sandar fatsar ta zame daga hannunsa ta tafi cikin ruwa. A garinmu ana ƙarya a kan tafki, ana ƙarya a kan girman kifi, amma babu wanda ya taɓa ƙarya a kan irin wannan, shi ya sa ko daƙiƙa ɗaya bai yi shakka ba. Ya fizgi igiyar injinsa, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, inji ya ƙi. Ardis ta ce ya bar shi ya shigo namu. Ya tsallako ya bar jirgin da kifin da rigarsa ta sama, saura kaɗan ya kifar da mu.

Muna fitowa daga inuwar tsibirin ya ga abin da idonsa. Fari fat ta ko'ina, yana tafiya, yana hawa kan junansa. Ban ma tabbata ya fahimci abin da yake gani ba. Ya ɗauki filafili ɗaya, na ɗauki ɗaya, muna ture manyan fale-falen ƙanƙarar da suke matso mu, Ardis tana kutsawa ta duk inda ta ga baƙin ruwa. Jirgin yana kuka ta ƙasa kamar ana yanka kwano. Sau biyu muka tsaya cak, ya kwanta a kan hancin jirgin yana dukan ƙanƙarar da hannu har jini ya ɓata ta.

Kuma duk tsawon hanyar bakinsa bai rufu ba. Wa ya same ta? Ƙarfe nawa? Idonta a buɗe yake? Ardis tana riƙe da inji tana amsa masa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabciya ce, wajen tara ne, ba ta gani da kyau ba. Kowace amsa sai na ji kamar a cikina ake soka ta. Ya ce da safen nan Lavonne ta roƙe shi ya zauna, ta ce jikinta ba daɗi, ya ce mata kullum haka take cewa ranar buɗe kamu. Ya ce ko sallama bai yi mata ba. Sai ya fara kiran sunanta, ƙaton mutum, yana ture ƙanƙara yana kuka yana roƙon Allah ya ba shi minti biyar da ita.

Saura kamar taku talatin mu kai gaɓa, farfelar injin ta daki wani abu ta mutu. Muka diro cikin ruwa har cinya. Sanyin ba ya faɗuwa. Muka bar jirgin, tsohon nan ya miƙo mana sanda ya jawo ni. Orrin ya riga mu fita, ya ruga motarsa yana lalube aljihu, makullin yana cikin rigar da ya bari. Ya juyo wurin Ardis ya ce ta ba shi nata, wane asibitin ne, na gari ko na birni?

Ardis tana tsaye ruwa yana zuba daga wandonta, leɓɓanta sun yi shuɗi.

"Tana gida, Orrin. Lafiyarta ƙalau. Ƙarya na yi maka."

Ya juyo da kunnensa mai ji. Ta sake faɗa. Ya dube ta, sannan ya zauna a kan tsakuwa. A bayanmu hanyar da muka biyo ta rufe ruf. Muna kallo ƙanƙarar ta ɗauki jirginsa can a tsibiri, ta tura shi kan duwatsu ta naɗe shi kamar gwangwanin madara. Shi ma ya gani. Na ce to, yanzu zai gane.

"Na binne ta a cikin jirgin nan," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Minti ashirin na yi ba ni da mata. Kina kallona."

Ardis ta ce ta sani.

Ya tashi ya roƙi tsohon ya kai shi gida. Bai yarda ya shiga motarmu ba.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Da ya kai wata guda, na wanke ƙafa na tafi gidansa don in faɗa masa abin da ke raina, mutumin da aka tsamo daga bakin kabari yana wa mutane hura hanci. Lavonne ta tare ni a ƙofa. Ta rungume ni, ta ce in gaya wa Ardis ita ta gode, har ta mutu tana godiya. Amma ta ce in ƙyale shi. Tun ranar bai iya yin awa ɗaya a waje ba tare da ya dawo ya leƙa kicin ba, kuma ya ce duk lokacin da ya tuna fuskar Ardis tana amsa masa tambayoyin nan, sai ya ji numfashinsa yana ɗaukewa. Ya san Ardis ta cece shi, bai taɓa musu ba. Kallonta ne ba ya iyawa.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Da ya koma kamu, mil ashirin yake tuƙi zuwa wani gari ya sayo koto. In sun haɗu da Ardis a gidan waya yakan riƙe mata ƙofa, idonsa a ƙasa, ta wuce. Ita kuma daga shekarar ta daina yi wa kowa ƙarya, ta kuma daina faɗin gaskiya. Wanda ya tambaye ta tafki sai ta ce ba ta sani ba. 'Yan gari suka ce kantin ya daina daɗi, kuma ba su yi ƙarya ba.

Wata rana da yamma muna tsince matattun kifi daga kwatarniya, motarsa ta wuce da sabon jirgi a baya, bai rage gudu ba. Haushi ya kama ni, na ce da ta san haka zai saka mata da ta bar shi da kifinsa na shida. Ta ce in rufe mata baki. Ta ce gara ya wuce ta haka sau dubu da ta je ta yi wa Lavonne ta'aziyya.

Ta ci gaba da tsintar kifin. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Amma ina kewarsa, Irja. Kullum."